Ƙaramar Libarba Don Kare Kai: Yadda Ake Haɗa Nauyin Bindiga da Girman Harsashi

Duk wanda ya shiga kantin sayar da bindigogi a Amurka ya ce yana neman abin kare kansa, musamman idan sabon hannu ne, da wuya mai kantin ya rasa fito masa da ƙaramar libarba, wato bindigar nan ta hannu mai ganga da ke juyawa, wadda take ɗaukar harsashi biyar ko shida, kuma tsawon hancinta, wato bututun da harsashi ke fita ta cikinsa, bai cika wuce inci biyu ba. Dalilin da ake bayarwa shi ne sauƙin sarrafawa, kuma akwai gaskiya a cikinsa: a buɗe ganga, a zuba harsasai, a rufe, a ja kunama. Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne, a cikin bindigogin hannu duka, wannan ƙaramar tana daga cikin mafiya wuyar harbawa a sami abin da aka auna, domin kunamarta tana da tauri, marikinta gajere ne, wurin saitinta ƙanƙane ne, sannan rashin nauyinta yana sa dukkan shurin harsashi ya sauka a tafin hannu. Saboda haka ra'ayina a kan wannan zaɓi guda ne, kuma a kansa na gina kwatancin da ke tafe: ba a zaɓar bindiga daban a zaɓi harsashi daban, sai dai a zaɓe su tare, a kuma tsaya a kan haɗin da hannun mutum zai jure ya yi atisaye da shi sau da yawa ba tare da ya fara gudun harbin ba.

Kafin a kai ga ƙarfe da dalma, wajibi ne a share maganar doka. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya libarba da fistol a cikin rukunin makaman da aka haramta, tare da manyan makaman soja, kuma babu mai ikon ba da lasisin mallakarsu sai Shugaban Ƙasa. Lasisin da 'yan sanda ke bayarwa na wasu rukunan ne dabam, kamar bindigar farauta da bindigar gargajiya ta ɗuri. Wanda aka kama da libarba ba bisa ƙa'ida ba a can, ɗauri mai tsawo ke jiransa, don haka wannan bayani bai zama shawarar saye ga mazaunin Kano ko Kaduna ba. Ya shafi wanda yake zaune a inda doka ta ba shi dama, kuma Amurka ce babbar kasuwar waɗannan bindigogi. Ko a can ma ba kowa ba ne: ɗan ƙasa da mai katin zaman dindindin suna iya saye, amma wanda ya shiga da bizar ziyara ko ta karatu dokar tarayya ta hana shi, in ban da wasu 'yan keɓantattun halaye. Dilan da ke da lasisi ba ya sayar da bindigar hannu ga wanda bai kai shekara 21 ba, kuma sai mai saye ya cika takarda mai lamba 4473 an bincika tarihinsa a rumbun bayanan FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta tarayyar Amurka. Daga nan kowace jiha da nata tsarin. A New York sai da lasisi ake mallakar bindigar hannu ko da a cikin gida za a ajiye ta, alhali Texas tun 2021 ta yarda baligin da ya cika sharuɗɗa ya ɗauke ta a jikinsa ba tare da lasisi ba. Wanda ya tsallaka iyakar jiha da bindiga bai duba wannan bambanci ba, yana iya wayar gari a gaban alƙali.

Me ya sa har yanzu ake sayen libarba, bayan kasuwa ta cika da ƙananan fistol masu ɗaukar harsashi 10 zuwa 15? Amsar tana cikin yadda take aiki. Fistol tana dogara da ƙarfin harbin da ya gabata don ta tofar da kwanso ta ɗauko sabon harsashi, saboda haka riƙo mai sanyi, ko riga da ta shiga tsakani, ko harsashin da ya ƙi tashi, suna iya tsayar da ita. Libarba kuwa yatsan mai harbi ne ke juya gangar, idan harsashi ɗaya ya ƙi, jan kunama na gaba yana kawo wani. Ba ta buƙatar ƙarfin hannun ja da murfin sama baya, wanda yake ba dattawa da masu ciwon gaɓoɓi wahala, kuma da kallo ɗaya ake gane ko akwai harsashi a cikinta ko babu. Amma kada a ɗauka ba ta samun matsala. Idan ƙwayar albarushin da bai ƙone ba ta maƙale a ƙarƙashin tauraron da ke fitar da kwansuna, gangar tana iya ƙin rufewa ko ta ƙi juyawa, kuma irin wannan tsayawar ba a gyara ta cikin daƙiƙa biyu kamar ta fistol. Harsasanta kaɗan ne, sake zuba su kuma yana cin lokaci. Wanda ya zaɓe ta ya yarda ke nan da cewa harbi biyar ko shida ne a hannunsa, kuma kowanne sai ya tafi inda aka nufa.

Nauyi shi ne wurin da ya fi cancantar a daɗe, domin a nan mafi yawan masu saye suke yin zaɓin da daga baya suke da-na-sani. Tushen wannan rukuni na bindigogi a zamaninmu shi ne Chiefs Special da kamfanin Smith & Wesson ya fitar a 1950 a kan ƙaramin jikin da ake kira J, mai ɗaukar harsashi biyar na .38 Special, ko da yake Colt ya riga shi da Detective Special mai shida tun 1927. Daga wancan lokaci zuwa yau girman bai canza sosai ba, abin da ya canza shi ne ƙarfen da ake ƙera jikin da shi, kuma da shi ake iya raba kasuwar gida uku.

Na farko su ne masu jikin ƙarfe zalla. Ruger SP101, wadda ta fito a 1989, tana kai kimanin giram 740 idan hancinta inci biyu da kwata ne. Sabuwar Colt Cobra ta 2017 tana wajen giram 710, Kimber K6s ta 2016 kimanin giram 650, Smith & Wesson 640 kuma ta ɗan gaza hakan. Waɗannan ba a jin daɗinsu a aljihun wando, domin suna jan tufa ƙasa, suna buƙatar kube mai kyau da ɗamara mai kauri. Ladan wannan wahala kuwa a filin atisaye ake karɓarsa: nauyin yana shanye shurin, hancin bindiga ba ya tashi sama sosai, mutum yana iya harba kwali guda na harsashi 50 ya tashi hannunsa lafiya. Na biyu su ne masu jikin alminiyon, irin su Smith & Wesson 642 da 'yar'uwarta baƙa 442, masu nauyin giram 410 zuwa 420, da Ruger LCR ta .38 wadda ta fito a 2009, wadda aka haɗa alminiyon da roba a jikinta har ta sauko zuwa kimanin giram 385. Su ne aka fi saye, kuma su ne ake iya yini da su a jiki a manta suna nan. Na uku su ne waɗanda aka kai su maƙura wajen rage nauyi, kamar Smith & Wesson 340PD mai jikin alminiyon da aka gauraya da sikandiyom da ganga ta titaniyom, wadda ba ta wuce giram 335 ba, amma an ƙera ta don ta harba .357 Magnum.

Lissafin a fili yake: idan harsashin bai canza ba, duk abin da aka rage daga nauyin bindiga, hannu ne zai biya. Bindiga mai giram 370 tana komowa baya da saurin da ya ninka na mai giram 740, kuma ƙarfin da take sauke wa hannu shi ma kusan ninki ne. Illar wannan ba zafin tafin hannu kaɗai ba ce. A tsaya bayan sabon mai harbi da aka ba shi bindiga mara nauyi da harsashi mai zafi, a kalli hannunsa a harbi na uku ko na huɗu: kafin ƙarar ta tashi, zai riga ya runtse ido, kafaɗarsa ta ɗaga, wuyan hannunsa ya danna hancin bindigar ƙasa don tarbar shurin da yake jira, sai harsashin ya faɗa can ƙasan takardar, gefen hagu idan da dama yake harbi. Idan aka ɓoye kwanso mara harsashi a cikin gangar ba da saninsa ba, za a ga bindigar ta yi sujada a kan wofi lokacin da kunama ta faɗa a kansa. Wannan ɗabi'a tana shiga jiki da wuri, fitarta kuma tana cin watanni, kuma mafi muni shi ne mai ita yakan daina zuwa atisaye gaba ɗaya, ya bar bindigar a aljihu yana ganin ya tsira.

Idan aka juya ga harsasai, .38 Special shi ne ma'aunin da ake auna sauran da shi. Ya fito tun 1898, kuma shi ne harsashin da mafi yawan 'yan sandan Amurka suka riƙe har zuwa shekarun 1980. Faɗin dalmarsa inci 0.357 ne, wato kimanin milimita 9, kuma matsin da yake haifarwa a cikin ganga bai da yawa idan aka kwatanta da harsasan zamani: fam 17,000 a kan kowane murabba'in inci, ko 20,000 ga nau'in da ake rubuta wa +P a kwali. Babbar matsalarsa a gajeren hanci ita ce ƙarancin gudu. Harsashi mai rami a goshi, wanda aka yi shi don ya buɗe ya faɗaɗa idan ya shiga jiki, yana buƙatar gudu kafin ya buɗe, kuma inci biyu ba su ba shi isasshen fili. Wani lokaci ramin yana cikewa da zaren tufa ya wuce bai buɗe ba, wani lokaci kuma ya buɗe da wuri ya kasa nutsewa. Tun bayan musayar wutar da aka yi a Miami a watan Afrilu na 1986, inda jami'an FBI biyu suka rasa rayukansu, hukumar ta fito da ma'aunin da kusan kowa ke bi a yau: harsashin kare kai ya nutse inci 12 zuwa 18, wato santimita 30 zuwa 46, a cikin daskararren sinadarin gwaji mai kwaikwayon tsoka. Nutsewa ita ce gaba, buɗewa tana biye.

Kamfanoni sun amsa wannan matsala da harsasan da aka ƙera musamman don gajeren hanci. Fitacce a cikinsu shi ne Speer Gold Dot mai nauyin giren 135 (giren shi ne ma'aunin nauyin dalma) na +P, wanda yake fita daga hancin inci biyu da gudun kimanin mita 260 a daƙiƙa, kuma an tsara raminsa don ya buɗe a wannan gudun. A bindigar ƙarfe zalla wannan harsashi ba ya ba kowa wahala, a ta alminiyon kuwa ana jin sa sosai, ko da yake mai ɗan gogewa yana jure shi. Ga wanda +P ya yi masa yawa, akwai wata tsohuwar mafita da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta: harsashin gasar harbi mai giren 148 mai goshi a daddaɗe, wanda Amurkawa ke kira wadcutter. Ba ya buɗewa, ba a kuma yi shi don ya buɗe ba, amma goshinsa yana yanka da cikakken faɗinsa, yana nutsewa yadda ake so, kuma shurinsa shi ne mafi sauƙi a cikin dangin .38. Naƙasunsa ɗaya shi ne wuyar zurawa a ganga cikin gaggawa saboda rashin tsini, shi ya sa wasu ke cika bindiga da shi, su riƙe harsasai masu tsini a matsayin na canji.

Sai .357 Magnum, wanda sunansa kaɗai ya sayar da bindigogi masu yawa. Ya fito a 1935, faɗin dalmarsa daidai yake da na .38, amma kwansonsa ya fi tsawo da kimanin kashi ɗaya cikin takwas na inci, matsinsa kuma ya kai fam 35,000, ninkin na .38 na yau da kullum. An tsawaita kwanson ne da gangan don kada ya shiga gangar .38 ya fasa ta, alhali bindigar .357 tana harba .38 lafiya lau. Ana yawan cewa gajeren hanci yana mayar da .357 daidai da .38, wannan kuwa ba haka ba ne: harsashi mai giren 125 yana iya kai mita 360 a daƙiƙa ko fiye daga hancin inci biyu, wanda ya ɗara .38 nesa. Tambayar ita ce me ake biya. Albarushin da bai gama ƙonewa a cikin hanci ba yana fitowa waje ya zama harshen wuta mai dallare ido a cikin duhu, ƙararsa ta haura desibel 160, alhali masana lafiyar ji suna gargaɗi tun daga 140, kuma a cikin ɗaki ko mota, inda babu abin toshe kunne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Harbi na biyu yana jinkiri domin sai an sake nemo saiti. A bindiga mai giram 335 kuwa, abin ya wuce wahala ya koma cutarwa, har ma shurin yana iya zaro dalmar sauran harsasan da ke cikin ganga daga kwansonsu kaɗan-kaɗan, ta leƙo gaba ta hana gangar juyawa. Smith & Wesson da kansa ya rubuta a jikin masu gangar titaniyom cewa kada a harba .357 mai dalmar da ta gaza giren 120. Hukuncina a nan babu kwana-kwana: .357 a bindiga mai nauyin da ya gaza rabin kilo ba zaɓin mai koyo ba ne, kuma ƙwararru kaɗan ne ke cin moriyarsa. Amma sayen bindigar .357 ta ƙarfe don a riƙa harba .38 a cikinta dabara ce mai kyau, domin an sami nauyi, an sami ƙarko, an kuma bar ƙofa a buɗe. Sai dai a riƙa goge ramukan gangar da kyau, saboda gajeren kwanson .38 yana barin zoben datti da zai iya hana dogon kwanso shiga.

Dangin .32 su ne waɗanda na fi so mai saye ya duba kafin ya yanke shawara, domin an daɗe ana raina su. Da yake harsashin ya fi siriri, gangar da ke ɗaukar biyar na .38 tana ɗaukar shida na .32 ba tare da ta ƙara kauri ba. Harsashin .32 H&R Magnum na 1984 yana nutsewa yadda ya kamata idan an zaɓi nau'i mai kyau, shurinsa kuma ya fi na .38 +P sauƙi a fili, abin da ya sa bindiga mara nauyi ta zama abin da ake iya atisaye da shi. A 2024 Smith & Wesson ya dawo da shi a ƙananan bindigoginsa masu lamba 432 da 632. Akwai kuma .327 Federal Magnum na 2008, mai matsin fam 45,000, wanda ƙararsa da wutarsa sun kusa na .357, amma amfanin bindigarsa, kamar Ruger LCR ta .327, shi ne tana harba .32 H&R da .32 S&W Long ma, don haka mutum yana iya farawa daga mai sanyi ya hau sama a hankali. Cikas ɗin .32 yana kan kanta: ba kowane kanti ke ajiye shi ba, ya fi .38 tsada, kuma idan kasuwar harsashi ta yi tsauri, shi ne ke fara ɓacewa. Wanda zai zaɓe shi ya tabbata yana da inda zai riƙa samu.

Libarba mai harba 9mm tana jan hankalin wanda yake da fistol tun da farko, saboda harsashin yana da arha kuma yana ko'ina. Amma an yi shi ne don fistol, kwansonsa ba shi da leɓen da tauraron libarba zai kama, saboda haka sai an jera shi a kan wani siririn faifan ƙarfe kafin a zura. Faifan yana sa sake zubawa ya yi sauri, amma idan ya lanƙwashe a aljihu yana iya cije gangar, kuma shurin 9mm a ƙaramar bindiga ya fi na .38 +P kaifi. Shi kuwa .22 LR, wanda LCR ke ɗaukar takwas, kusan ba shi da shuri, sai dai rauninsa biyu ne: ƙarfinsa kaɗan ne, kuma da yake a gefen kwanso ake tayar da shi, ya fi sauran yawan ƙin tashi, abin da ya sa ake ɗaura wa bindigoginsa sifirin mai tauri, kunamar ta ƙara nauyi. Ga wanda hannunsa ba ya jure komai sama da haka, ya fi babu nesa ba kusa ba, amma a gwada jan kunamar tukuna, domin sau da yawa mai raunin hannu shi ne ba ya iya janta. Charter Arms Bulldog mai harba .44 Special ta kasance tun 1973, tana da masoyanta, amma harsashinta yana da tsada, shurinta kuma ba na mai farawa ba ne.

Bayan nauyi da harsashi, akwai siffar gudumar da ke dukan harsashi. Wasu a fili take, kamar a Smith & Wesson 637, ana iya ɗana ta da babban yatsa kunama ta yi laushi. Wasu an rufe ta gaba ɗaya a cikin jiki, tsarin da Smith & Wesson ya fara da Centennial a 1952, wanda 642 da LCR suke kai. Wasu kuma an yi mata rumfa an bar ɗan kai, kamar Bodyguard ta 1955 da jikarta 638. Don kare kai, rufaffiyar ce ta fi: ba ta kama baƙin aljihu lokacin zarowa, ƙura da zaren tufa ba su shiga ciki, kuma tana hana mutum ɗana bindiga cikin firgici, lokacin da taɓawa kaɗan ke iya sa ta tashi a kan wanda ba a yi niyya ba. Jan kunamar J daga masana'anta yakan kai kilo biyar ko fiye, wato sama da ninki goma na nauyin bindigar kanta idan mai jikin alminiyon ce, kuma wannan ne asalin wuyar harbinta. A nan LCR ta yi fice, domin tsarin cikinta yana sa jan ya zo sumul kuma ya fi sauƙi, amma tana da sharaɗi: sai an saki kunamar ta koma gaba har ƙarshe kafin a sake ja, in ba haka ba gangar ta tsallake. Kimber da Colt ma kunamarsu tana da daɗi, kuma wurin saitin Kimber ya fi ɗan kwarmin da aka tsaga a saman tsofaffin J sauƙin gani.

Mariki abu ne mai arha da ke canza bindiga fiye da yadda ake zato. Gajeren mariki mai barin ƙaramin yatsa a iska yana ɓuya da kyau, amma na roba mai rufe bayan ƙarfen, wanda yatsu uku ke samun wuri a kansa, yana rage zafin shuri ƙwarai. Haka ma tsawon hanci. Inci uku, kamar na SP101 mai inci uku ko Colt King Cobra ta 2019, yana ƙara wa harsashi gudu, yana nisanta wuraren saiti biyu da juna, kuma a wasu samfurori yana zuwa da doguwar sandar fitar da kwanso. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci: a bindigar inci biyu sandar gajera ce, ba ta tura kwanson har waje, don haka sai an ɗaga hancin sama tsaye an buge ta da tafin hannu da ƙarfi, in ba haka ba kwanso ɗaya ya maƙale a ƙarƙashin tauraro. Ga wanda zai ɗauki bindiga a ƙugu, inci ukun ba ya ƙara wahalar ɓoyewa, domin mariki ne ke tona asiri, ba hanci ba. Ga aljihu kuwa ya yi tsawo.

Maganar biyar ko shida ba ta kai yadda ake kambama ta ba, amma ba a banza take ba. Colt Cobra, Kimber K6s da Taurus 856 ta Barazil duk suna ɗaukar shida, gangarsu ta ɗan fi kauri. Taurus da Charter Arms sun fi arha, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi bindiga mai arha da aka gwada ta da harsasai masu yawa aka ga lafiyarta ta fi mai tsadar da ta cinye kuɗin atisaye.

Idan za a tattara zaɓin bisa halin mutane, wanda yake son bindigar gida wadda zai riƙa ɗauka jefi-jefi, ya nemi ta ƙarfe mai inci uku, ya zuba mata .38 +P. Wanda zai yini da ita a jiki kullum, a aljihu ko ƙarƙashin riga mara kauri, 642 ko LCR ta .38 ta ishe shi, ya fara da harsashi mai goshi a daddaɗe, ya koma +P idan ya ga saitinsa bai lalace ba. Dattijo, ko mai ciwon gaɓoɓi, ko duk wanda shuri ke firgitawa, ya duba .32 H&R kafin ya sauka zuwa .22. Kuma ina roƙon magidanta su daina saya wa matansu mafi ƙanƙantar bindigar kanti don kawai ta yi kama da ta mata, domin ita ce mafi azabtarwa. A bar mai riƙewa ta gwada da hannunta ta zaɓa.

Akwai wani lissafin da ya kamata ya shiga kasafin tun ranar farko. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka bisa ƙididdigar CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, kuma fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. Gidan da ke da yara, ko matashi mai fama da damuwa, ko rikicin aure mai zafi, bindigar da ba a kulle ba ta fi zama haɗari ga mutanen gidan fiye da ɓarawon da ake tsoro. Libarba ba ta da makunnin tsaro na waje, kuma yaro ƙarami yana iya jan kunamarta da manyan yatsunsa biyu. Saboda haka ko dai tana jikin mai ita a cikin kuben da ya rufe kunama ruf, ko tana cikin akwatin ƙarfe mai buɗewa da lamba. Kuɗin akwatin, da na kube, da na darasi a wurin malami mai lasisi wanda zai koyar da harbi da kuma dokar jihar a kan lokacin da aka halatta amfani da makami, duk suna cikin farashin bindigar.

Filayen atisaye da yawa a Amurka suna ba da hayar bindigogi, kuma a nan ne ya kamata a yanke hukunci, ba a gaban kanta ba. A karɓi biyu ko uku masu nauyi daban-daban, a liƙa farar takarda ta ofis a nisan mita biyar, a harba cikin ganga guda a natse, sannan a sake harba wani da ɗan sauri, babban yatsa yana nesa da tazarar da ke tsakanin ganga da hanci, inda iska mai zafi ke fesowa. Bindigar da ta zuba harsasanta duka a kan takardar a zagaye na biyu, kuma bayan harbi 30 hannu bai fara rawa ba, ita ce ta dace. Bayan an saya, a harba aƙalla kwali guda na ainihin harsashin da za a riƙa ɗauka, a duba ko yana sauka inda saiti ya nuna, domin dalma mai sauƙi takan faɗa ƙasa da mai nauyi a irin waɗannan bindigogi, sannan a fitar da harsashi na ƙarshe a ganga bayan an harba sauran, a gwada tsawonsa da sabo, a tabbata dalmarsa ba ta zaro ba.